Ƙuraje Masu Cibiya

Duk wanda ya yi karatu a Jami'ar Maiduguri bai sami ɗaki cikin makaranta ba, to ya san Mairi. Can muka kama haya mu huɗu a shekarar 2018, a wani gida mai ɗaki tara, banɗaki ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Ɗakin ƙurya kuwa wata baiwar Allah ce a ciki, wadda ta baro Bama a 2014 da 'yarta a goye. Yarinyar ta kai shekara shida sa'ad da muka san ta. Ita ke sayo mana ƙosai da safe, sa'an nan ta zauna bisa tabarmarmu tana bin takardunmu da yatsa, wai ita ma nazari take yi.

Ran nan da bazara sai muka lura da wasu ƙuraje a wuyanta da hammatarta. Ba irin na zafi ba ne da muka saba gani. Ƙanana ne kamar ƙwayar dawa, masu sheƙi, kowanne da ɗan rami a tsakiya tamkar cibiya. Babu zazzaɓi, babu ciwo, wasanta kawai take yi. To amma a 2017 ƙyandar biri ta sake ɓulla a Nijeriya, hotunanta na ta yawo a wayoyi. Wata tsohuwa ta ce agana ce, alhali tun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kau da agana daga doron ƙasa. Wani ya rage murya ya ambaci ƙanjamau. Mu da ake kira masu ilmin gidan, waɗanda ya kamata mu bincika, sai muka naɗe tabarmarmu, muka koma sayo ƙosai da kanmu.

Ba mu taɓa korar ta da baki ba, wannan ne abin da muka daɗe muna kare kanmu da shi. Amma yaro ya san ƙofar da aka sakaya saboda shi. Uwar, da abin ya ishe ta, sai ta shiga matse ƙurajen da dare, kwana kaɗan wasu suka fito inda babu su a da.

Sai bayan wata uku wani abokinmu mai karatun likita ya kawo mana ziyara. Kallo ɗaya ya yi mata ya ce molaskum ne, cutar fata ta yara, wadda wani likitan Ingila, Thomas Bateman, ya yi bayaninta tun 1817. Ƙwayar bairos ke kawo ta, dangin ta agana ce, amma iyakarta saman fata. Farin abin da ke cikin ƙurjin shi ne irin cutar, shi ya sa matsewa da susa ke yaɗa ta, haka tarayya a soso ko tawul. Galibi takan wuce da kanta cikin wata 6 zuwa 12, ko da yake wani sa'in takan ɗauki shekaru. Gaskiya ne takan yi yawa a fuskar babban da garkuwar jikinsa ta yi rauni, amma a jikin yaro abu ne da aka saba gani. A ware mata soso, a rufe wurin da riga, a kai ta asibiti in ya ɗuri ruwa ko ya kusanci ido, shi ke nan. Zama kan tabarma ɗaya da ita ba abin gudu ba ne.

Da magariba muka tafi ƙofar ɗakin ƙurya, muka yi sallama. Muka ce, "Yaya, ashe ba wani abu ba ne, zai wuce." Ta saurari bayaninmu har ƙarshe, ta yi godiya, ta sa mana albarka. Sa'an nan ta ce ai ta riga ta biya kuɗin ɗaki a wata unguwa, jibi za su tashi.

Ranar tashin mu muka ɗora musu kaya a Keke Napep. Babbanmu ya miƙa wa yarinyar littafin rubutu da fensir. Ta dubi uwarta tukuna, sa'an nan ta goge hannunta a zane, ta karɓa ta gefe, don kada yatsunta su taɓa nasa.