Gilashin Rawaya da Gonar Babanmu

A ɗakin Inna akwai wani hoto fari da baƙi da ke rataye a bango tun kafin a haife ni. Hoton gonarmu ce ta bayan gari: gero ya fid da kai, ga tsohuwar kuka a tsakiya, sa'an nan ga gizagizai sun taru a sama kamar an shanya auduga. Marigayi babanmu ne ya ɗauke shi da kyamarar da ya sayo a Makka shekarar da ya sauke farali, watau 1985.

Da Allah ya yi masa rasuwa a 2021, kyamarar ta faɗo a rabona. Gonar kuwa ta ƙi rabuwa, domin mu goma sha ɗaya ne, gari kuma ya riga ya cim mata. Bayan an kai ruwa rana, a 2023 aka tsai da shawara cewa da an yi girbi za a sayar wa masu yanka filaye. Sai na ƙudura a raina, kafin a zuba bulo zan ɗauke ta yadda shi ya ɗauke ta, a rataye hotunan biyu kusa da juna.

Ita wannan kyamara, Nikon L35AF sunanta, an fara fid da ita a Japan a 1983. Ƙarama ce, batir biyu take ci, kuma ita ke yi wa kanta kusan kome. Tana harba wani haske da ido ba ya gani, ta auna nisan abin da ke gabanta, ta auna hasken wurin, kai dai naka danna maɓalli. A bakin idonta akwai zobe mai faɗin milimita 46, inda ake murɗa gilashin tace haske kamar marfin kwalba, wanda masu sana'ar ke kira filta. A cikin jakarta na tarar da guda biyu, ɗaya rawaya, ɗaya ja wur a naɗe cikin takarda. Wani abokina a jami'a ya gaya mini irin waɗannan gilasai ke fito da gizagizai a hoto. Iyakar ilimina ke nan, da shi kuwa na tafi gona.

Wata Asabar ce cikin Agusta, bayan la'asar. Fim ɗaya tak na samu, mai hoto 36, shi ma da ƙyar. Na murɗa rawayan na ɗauki biyar. Amma fa, ya mai karatu, tagar da ake leƙawa a irin wannan kyamara dabam take da idon da ke ɗaukar hoton, saboda haka ko wane gilashi ka sa, ba za ka ga ya sāke kome ba. Sai zuciya ta ce mini, in wannan ɗan rawaya mai fatsi-fatsi zai yi aiki, ai jan ya fi shi ƙarfi. Na cire, na sa ja. Can hadari ya taso daga gabas, gari ya fara duhu, iska na kaɗa gero. Duk sa'ad da na taɓa maɓalli sai fitilar kyamarar ta yi tsalle ta fito, ni kuwa in danne ta da yatsa in ci gaba. Ashe gargaɗi take yi mini. Haka na ƙarar da sauran 31, na koma gida ina jin kaina gwani.

Sai cikin Oktoba na sami wani tsoho a Sabon Gari da bai yar da sana'ar wanke fim ba. Da ya ɗaga fim ɗin ga haske, ya girgiza kai ya ce, "Samari, wa ya aike ka da jan gilashi cikin gona?" Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Kowane gilashi launinsa yake bari ya wuce, ya tare kishiyarsa. Fim fari da baƙi yana da saurin kama shuɗi, shi ya sa sama kan fito fari fat, gizagizai su ɓace a ciki. Rawaya na rage shuɗin, sai sama ya ɗan yi duhu, gizagizai su fito sarai, kuma rabin haske kaɗai yake ci. Ja kuwa yana tare shuɗi da kore gaba ɗaya, kuma in aka kasa hasken takwas, ɗaya kaɗai yake bari. Ma'aunin hasken kyamarar yana cikin zoben nan, bayan gilashin, don haka ta gane an rage mata, sai ta riƙa jinkirin ƙifta ido. Cikin wannan jinkiri hannuna ya yi rawa, gero ma ya yi rawa.

Hotuna 31 ke nan, gona baƙa ƙirin kamar an yi gobara, kome ya dusashe. Garin gyaran gira na rasa ido. Komawa kuwa babu, domin an riga an girbe, an sare kara, har an kafa turaku.

Biyar ɗin farko ne suka tsira. A ɗaya daga cikinsu ga kuka, ga gero, ga gizagizai, kamar marigayi ne ya tashi ya ɗauka. Na kai wa Inna. Ta daɗe tana dubansa, sa'an nan na ba ta labarin ɓarnar da na yi. Ta ce, "Auta, da ka tambaye ni mana. Malam kullum na rawayan nan yake sawa. Jan tun da ya gwada shi sau ɗaya ya naɗe shi, bai ƙara buɗewa ba."

Kunya ta kama ni. Na tambayi ɗan ajinmu, na bi shawarar zuciyata, alhali kuwa wadda ta yi shekara da shekaru tana goge wa kyamarar ƙura tana zaune cikin gida. Mu 'yan makaranta muna da wannan hali, mu ɗauka sani sai a jami'a, mu ƙetare shi a bakin ƙofar ɗakin iyayenmu.

Yanzu hotunan biyu na nan a bango, na 1985 da na 2023. Inda gonar take kuwa gidaje ne, kukar ma an sare ta. Jan gilashin na mai da shi takardarsa. Allah ya ji ƙan babanmu, ya ƙara wa Inna lafiya, amin.