Na yi wa Houston tafi

Ina da shekara goma sha huɗu na fara ganin Rollerball, a wani gidan bidiyo na zana da ke bayan tasha a Maraɗi. Dala biyar ake biya. An juya muryoyin zuwa Faransanci, talabijin ɗin kuma na shashshaka, don haka ba wanda ya damu da surutun manyan mutanen nan masu kwat. Da zarar sun fara magana sai a yi ta ihu mai kaset ya tura gaba. Duka muka zo kallo.

Kuma akwai dukan. Fili ne zagayayye kamar kwano, 'yan wasa na gudu da takalman taya, wasu a kan babura, hannuwansu sanye da safa mai ƙusoshi. Ana harbo ƙwallon ƙarfe, wanda ya cafke ya nufi raga, sauran su yi ta karya juna. James Caan ne Jonathan E., jagoran ƙungiyar Houston. Mun yi masa tafi har tafin hannu ya yi ja.

Sai da na girma na sake kallonsa, wannan karon ban tsallake komai ba, na gane abin da muka riƙa turawa gaba shi ne fim ɗin. Norman Jewison ya fitar da shi a 1975, daga gajeren labarin William Harrison, ya ajiye shi a shekarar 2018. Babu ƙasashe, babu yaƙi, babu yunwa. Kamfanoni ƙalilan ke riƙe da makamashi, abinci, sufuri da gidaje, sharaɗinsu ɗaya: kada ka tambayi dalilin hukuncinsu. Wasan kuwa an ƙirƙiro shi ne don talaka ya gani da idonsa cewa mutum ɗaya ba ya tsinana komai. Laifin Jonathan kawai ya daɗe bai mutu ba, har jama'a sun san sunansa. Shi ya sa Bartholomew, shugaban kamfanin makamashi, ya ce ya yi ritaya. Da ya ƙi, ba su aika masa 'yan bindiga ba. Dokokin wasa suka riƙa cirewa ɗaya bayan ɗaya: a Tokyo babu hukuncin laifi, a karawa da New York babu canjin ɗan wasa, babu ƙarewar lokaci.

Wurin da ya fi ba ni tsoro ma ba jini a cikinsa. Jonathan ya je Janeba neman tarihin yadda kamfanoni suka karɓi duniya, ya tarar an zuba littattafai duka cikin wata kwamfuta mai suna Zero, mai kula da ita na faɗa masa, kamar an ɓatar da allura, cewa ƙarni na 13 gaba ɗaya ya salwanta.

Kallo na biyun da yayana na yi shi. Ɗan dambe ne a da. Bayan girbi masu shirya wasa kan zo da mota su ɗauke shi, su ci kuɗin ƙofa, shi ya dawo da ɗan abin da bai kai kuɗin magani ba. Yanzu hannunsa na dama na rawa, magana takan kuɓuce masa a tsakiya. Ni kuwa duk wasansa ina gaba-gaba ina kururuwa, ban taɓa cewa ya isa haka ba.

Da aka kai inda 'yan Tokyo suka cire wa Moonpie hular kwano suka doke shi a ƙeya, na tuna a gidan bidiyo nan ne muka fi ihu. An kwantar da shi a asibiti ƙwaƙwalwa ta mutu, likita ya miƙo takardar cire masa na'ura, Jonathan ya ƙi sa hannu. Yaya ya ce in tsayar. Ya daɗe yana kallon fuskar mutumin a kwance.

"Shi aƙalla an zo duba shi," ya ce.

Na ce, "Yaya, in kashe?"

"Bar shi. Ina son in ga ko zai ci."

Ya ci. Shi kaɗai ya rage a tsaye, ya saka ƙwallon, filin ya yi tsit, sannan aka fara kiran sunansa ƙasa-ƙasa har ya zama tsawa. Na ji bakina na motsi tare da su. Na waiwaya, na ga Yaya ya dunƙule hannun nan mai rawa a kan gwiwarsa.