Mumbai da Damina, da Labarin da Ba Nawa Ba

Ka tuna tsiyar da ka yi mini a filin jirgin Malam Aminu Kano, wai ɓarawo ne zai je gaida mai kaya? Wai mu da muka girma a kan bencin sinimar Plaza, muka kwashe wa Indiyawa rawa da waƙa, yau ga ɗayanmu zai je Mumbai koyon rubutun fim. Dariya na yi, amma akwai abin da ban nuna maka ba. A ƙasan jakata, ƙarƙashin kaftani da ƙullin yaji, akwai littafin rubutu da na naɗe a leda biyu. Labarin da na fi so ne, kuma na rantse ba wanda zai ji shi a ajin nan. Ka san dalili. Na taɓa ba da labari da baki a wani ofis a Zoo Road, aka ce mini bai yi ba, bayan wata takwas na gan shi a fosta da sunan wani.

Mun yada zango a Adis Ababa, muka kwana a sama, gari na wayewa muka sauka a Mumbai. Katin rigakafin shawara suka fara nema. Da na tambayi lokaci, sai na ɗauka agogon ma'aikacin ne ya lalace. Ashe Indiya gaba take da mu da awa huɗu da rabi. Ban taɓa sanin akwai ƙasar da ke lissafi da rabin awa ba. Riƙe wannan rabin awar, za ta dawo.

Ina fita na ci karo da ɗan gida: A Daidaita Sahu, layi guda, baƙi da rawaya. Ashe nan ne mahaifarsa, kamfanin Bajaj na ƙasar ne. Sai dai a can mita gare shi, ba ciniki, kuma ba a barinsa ya shiga tsohon gari da ke kudancin birnin. Na gyara zama na zuba wa direba Indiyancina, har ya waiwayo yana dariya. A nan na gane irin karatun da sinima ta yi mini. Na iya cewa zan ɗau fansar mahaifina, na iya cewa ba zan rayu ba sai da ke, amma ban iya cewa a yi kwana hagu ba. Ya ƙara mini da cewa shi harshen gidansu ma Marathi ne, harshen jihar Maharashtra, wadda Mumbai ce hedikwatarta. Na tambaye shi ko ya san unguwar Andheri, ya kaɗa kai gefe da gefe. Na ɗauka a'a yake nufi, na fara haramar sauka. Ashe i ce.

Watan Yuli ne, damina ta kankama. Ba irin ruwanmu ba ne da zai yi hadari ya zubar ya ɗauke, wannan kwana uku yake yi bai numfasa ba, kuma ba wanda ya fasa fita. Ɗakin da na kama, in na miƙe hannu biyu ina taɓa bango da bango, kayana ba su bushe ba har na taho. Karin kumallo kullum vada pav, wato dakakken dankalin Turawa da aka soya kamar ƙosai aka cusa a burodi da yaji, sai shayi rabin ƙaramin kofi. Mai shayinmu na Fagge da ya ga kofin, sai ya ce rowa ce.

Ajin yana hawa na biyu a saman wani shago, ana tuɓe takalmi a ƙofa. Mu goma sha biyu ne, ni kaɗai baƙar fata. Akwai ɗan wasan dandamali, akwai akawun banki, akwai wata malamar makaranta daga birnin Pune mai furfura, wadda ba ta cika magana ba. Malaminmu dattijo ne siriri, ya yi shekaru yana rubuta wa talbijin. Kafin ya ce uffan a kan fim, sai ya zagaya da kwando aka zuba wayoyi, ya raba takarda kowa ya sa hannu. Sharuɗɗan ba yawa. Ba ɗaukar murya. Shafukan da aka raba don karatu, kowane da lamba, a mayar wa mai su kafin a tashi. Labarin wani ba ya fita ƙofar nan, ko ga matarka. Na ƙarshen shi ya fi tsaya mini: duk shawarar da ka ba wani a kan labarinsa ta zama tasa, kyauta ce, ba ka da hakkin bin ta ko da ita ce ta tashi fim ɗin. Na sa hannu ina murmushi a zuci, don a ganina ni aka kare.

Sai ya ce kada takardar ta ruɗe mu, ya ba mu tarihin wata shari'a. Wani marubucin wasan kwaikwayo, R. G. Anand, ya kai ƙarar masu fim ɗin New Delhi cewa daga wasansa suka kwasa. A 1978 Kotun Ƙolin Indiya ta yanke cewa doka ba ta kare ra'ayi ko jigon labari, sai yadda aka zuba shi a rubuce. Wato in na ce maka yarinya ce ta gudu ranar aurenta, ka tafi ka rubuta naka da mutanenka da kalamanka, ba alƙalin da zai kama ka. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ma haka ta ce. Shi ya sa marubutan Mumbai ke da ƙungiya a nan Andheri, wadda tushenta ya koma 1954, inda mamba ke kai rubutunsa a buga masa hatimi da kwanan wata kafin ya nuna wa furodusa. Yanzu ta intanet ake yi. Hatimin shaida ce kawai ta wa ya riga wa. Abin da ba ka riga ka rubuta ba, yana bakinka kana lalube, a aji irin wannan ake baje shi, kuma shi ne ba shi da mai gadi sai mutanen da ke zaune.

Karatun kansa ya ba ni kashi. Shafi ɗaya minti ɗaya ne a allo, don haka kowane layi kuɗi ne. Suna gina labari a kan hutun rabin lokaci, inda ake kunna fitila mutane su fita sayen abin taɓawa, dole ka bar su a kan wani abu da zai dawo da su kujera. Maganganun jarumai da Hindi suke, amma da haruffan boko ake rubuta su, kamar yadda muka bar ajami. Na kawo wani gwajin shafi goma da na fassara, malam ya ja jan biro a kan biyu cur. Gaisuwa ce. Ina kwana, ina gajiya, ya yara, ya kwanan baƙi. Ya ce wa zai biya kuɗi ya kalli wannan? Na ce Malam, a wurinmu in miji ya ce ina kwana matar ta ce lafiya ta tsaya nan, ba ta ƙara komai ba, to duk gidan sun san an kwana da rigima. Ya yi shiru, ya karɓi takardar, ya maido mini layi huɗu. Ya ce gaisuwar da ke ɗauke da faɗa ta zauna, sauran su tafi. Ban ƙara yi masa musu ba.

Ranar Lahadi ɗan wasan nan ya ja ni muka hau jirgin ƙasa zuwa cikin gari. Ba kai ke shiga ba, jama'a ce ke shigar da kai, ita ke fitar da kai, mata kuma da taragunsu daban. Muka je sinimar Maratha Mandir, inda ake nuna Dilwale Dulhania Le Jayenge da hantsi tun 1995, shekarar da aka sauya wa birnin suna daga Bombay. 'Yan kallo na riga Shah Rukh Khan faɗin maganarsa, ni ma ina ciki. A hanyar dawowa ya ba ni labarin Salim da Javed, marubutan da aka ƙi sa sunansu a fostar Zanjeer a 1973, suka ɗauki mai fenti ya bi gari cikin dare yana buga sunayen a kan fostocin. Ganin hira ta yi daɗi, na yi masa iƙirarin abin da muka yi wa finafinansu a Kano. Ya ce to su wa suka bari? Sholay ta 1975, da ake ji da ita, ta sha daga finafinan kaboyi da kuma Seven Samurai na Kurosawa, mutumin Japan. Fim ɗin da ya fito kasuwa, in ji shi, yana da suna da shekara, kowa zai iya nuna inda aka ɗebo. Wanda ke cikin aji ko haihuwarsa ba a yi ba.

A mako na biyu malamar nan ta Pune ta karanta nata. Shekara shida tana rubuta shi, da daddare bayan ta gama duba littattafan ɗalibai. Da ta kai ƙarshe ba wanda ya motsa, sai ƙarar ruwa a kan rumfar shagon ƙasa. Malam ya cire tabarau yana gogewa ya fi minti guda.

Na koma ɗaki barci ya ƙi zuwa, labarin na ta tafasa a kaina. Wajen ƙarfe ɗaya na dare na ɗauki waya na danna wa wani furodusa abokin aikina saƙon murya a WhatsApp, minti bakwai, tun daga farko har inda ta ajiye. Wallahi ban ji a jikina sata nake ba. Ji na yi kamar na ci abinci mai daɗi ina ba da labari, irin yadda muka saba a majalisa. Lissafina shi ne kowa ya yi barci. Ƙarfe ɗayan Mumbai kuwa takwas da rabi ne a Kano, an idar da isha'i, majalisa ta cika.

Da safe na tarar da amsa: wannan namu ne, ka fara rubutawa, a maida shi Fagge. Cikina ya ɗuri ruwa. Na goge saƙon, aikin banza, magana zarar bunu ce. Na jira gari ya waye a gida na kira shi.

"Alhaji, ranka ya daɗe, labarin jiya ba nawa ba ne. Na wata baiwar Allah ne, kuma na sa hannu ba zan fitar ba."

"Haba Malam, Ba'indiya ce fa. A ina za ta ga fim ɗinmu?"

"Ko ba ta gani ba, ni na gani. Don girman Allah a bar shi. Wa da wa suka ji?"

Ya ɗan yi jim. Ya ce a fili ya kunna, su huɗu ne a kan tabarma.

Matakalar ajin nan ba ta taɓa yi mini tsawo irin na ranar ba. Na same ta a baranda tana kakkaɓe lema, na faɗa mata komai, har da adadin mutanen. Ta kaɗa kai gefe da gefe, wannan karon na kasa karanta shi. Tambayar farko da ta yi ita ce, a wane wuri suka yi shiru? Na ce ban sani ba, ba na wajen. Sai ta ce ta riga ta buga wa rubutun hatimi tun kafin ta zo, amma in rubuta mata wasiƙa ta imel, in faɗi ranar, da awar, da wanda na tura wa, in sa malam a ciki. In Alhajin na son labarin da Hausa, ya zo da yarjejeniya da kuɗi, sunanta kuma ya hau fosta. Ta faɗi wannan ba tare da ɗaga murya ba, kamar tana ba ɗalibi aikin gida. Malam bai kore ni ba. Abin da ya yi ya fi kora ciwo, ya ba ni kwandon wayoyi, ni na riƙa zagayawa da shi har aka gama.

Da layi ya zo kaina a mako na uku, na kwance ledojin nan biyu. Mutum goma sha ɗaya da ba wanda ya ci amanata a cikinsu, ina ɓoye musu littafi, ni da na ci tasu. Na karanta muryata na rawa. Akawun bankin ya nuna mini cewa hutun rabin lokacina ya makara da shafi goma sha biyar. Ita kuwa malamar ta ce uwar jarumin ce ya kamata ta buɗe ƙofar a sin na ƙarshe, ba matarsa ba. Na daɗe ina neman ƙarshen nan. Na ce zan sa sunanta, ta nuna mini takardar da ke manne a bango, sharaɗi na huɗu.

Na dawo ta Adis Ababa da kaya masu warin damshi. In ka zo cin tsaraba, akwai turare da ganyen shayi, amma kada ka tambaye ni labarin matar nan, ko a kunne. Alhaji ya ba ni alkawari, kuma na bi mutum biyu daga cikin 'yan tabarmar har gida na roƙe su. Na ukun, har yau Alhaji bai tuna ko wane ne ba. Duk sabon shiri mai dogon zango da ya hau YouTube, sai na zauna na kalli kashi na farko har ƙarshe.