Safiya a Landan: Fedar da ke Riƙe Ƙafa

Da ƙarfe takwas na safe muka tsaya a bakin gadar Blackfriars da ke kan kogin Thames a birnin Landan. Sanyi na ratsa rigunanmu, ga masu kekuna suna ta kwararowa a hanyar da aka ware musu, kowa na sauri ya isa wurin aiki. Da danja ta ba su hannu sai muka ji ƙas, ƙas, ƙas daga ƙafafunsu. Muka tambayi mai masaukinmu, wanda shi ma da keke yake zuwa aiki, ko ƙarar mece ce wannan.

Ya ɗaga ƙafa ya nuna mana tafin takalminsa. Akwai wani ɗan ƙarfe da aka ɗaure da noti biyu. Idan ya taka feda, ƙarfen sai ya shige ciki ya kulle, ƙafa da feda su zama abu ɗaya. In zai sauka sai ya murɗa diddigensa waje, ta sake shi. Kamfanin Look na Faransa ne ya fito da irin wannan feda a 1984, kuma da ita Bernard Hinault ya ci gasar Tour de France a 1985. A 1990 kamfanin Shimano na Japan ya kawo samfurin SPD, wanda ƙarfensa ke ɓuya cikin tafin takalmi. Shi masu zuwa aiki suka fi so, domin ana iya tafiya da takalmin a ƙasa. Na 'yan tsere kuwa ya turo waje, mai shi yana tafe kamar agwagwa.

Amfaninta shi ne ƙafa ba ta zamewa ko ana ruwan sama, kuma a doguwar tafiya tana zaune daram a wuri ɗaya.

Da yamma ya kai mu filin shaƙatawa na Hyde Park muka gwada. Tafiya ta yi daɗi. Da muka zo tsayawa, ɗayanmu ya ja birki ya manta da diddigensa, sai ga shi a ƙasa, keke a kansa. Muka yi dariya domin a kan ciyawa ne. Dariyar ta tsaya da mai masaukinmu ya ce mu ɗauka a gefen babbar bas hakan ta faru.

Ya ce shi sai da ya sassauta notin fedar yadda za ta saki ƙafa cikin sauƙi, ya yi ta gwaji yana dafe da bango, kafin ya hau titi. Har yau yakan cire ƙafar hagu tun kafin ya isa danja, domin a Ingila ta hannun hagu ake tuƙi.

Washegari muka koma gadar, muka lura cewa da yawa fedarsu irin tamu ce ta gida, kuma suna isa lafiya. Wanda tafiyarsa ke da nisa, tsayawa kaɗan, fedar mai riƙe ƙafa za ta yi masa rana. Ɗalibin da ke ratsa kasuwa da cunkoso zuwa makaranta kuwa, gara ƙafarsa ta iya dira ƙasa a duk lokacin da ya so.