Ɗan Kurciya Ba Maraya Ba Ne

Ku 'yan makaranta, ku kan tsinci ɗan kurciya a gindin itace, ku ce maraya ne. To, ba haka ba ne. Ya kan bar sheƙa yana da kamar kwana 15, tun bai iya tsintar tsaba ba. Na sha ganinsa a garkarmu yana kaɗa fukafukai yana kuka, sai uwar ko uban ya sauko, ɗan ya cusa bakinsa cikin nasu, a amayo masa abinci. Haka su ke yi kullum har ya koyi ci da kansa. Kadan kun ɗauke shi, da wuya ya rayu. Ku kore kyanwa, ku ajiye danƙo, ku bar shi inda ya ke. Iyayensa suna kusa.