Araha Ba Ta Ado, Balle Ta Cika Rumbu

Duk wanda ya san ƙasar Funtuwa da Malumfashi ya san cewa kuɗin shekara lokaci guda suke shigowa hannun manomi. Daga watan Oktoba zuwa Disamba ake kwashe masara da dawa da waken soya, a cire auduga, motoci su yi ta jigilar buhuna zuwa kasuwannin Dandume da Bakori. A daidai wannan lokaci ne masu tallar kayan araha ke bayyana da lasifikokinsu, suna shelar an karya farashi: tocila mai rediyo, agogon bango, robobi kala-kala, takalman gwanjo. Sun fi mu sanin ranar da aljihunmu ke da nauyi.

Abin da na daɗe ina lura da shi shi ne, araha iri biyu ce ke haɗuwa a kasuwar kaka. Ta farko ita ce ta hatsinmu. Da yake kowa ya fito da nasa a mako guda, farashi yakan faɗi, 'yan kasuwa su saya su kimshe a sito. Ta biyu ita ce ta tarkacen da ake tallata mana. Manomi yakan sayar da abin da darajarsa za ta hau kafin damina, ya sayi abin da darajarsa ke mutuwa tun kafin ya isa gida. Idan watan Yuli ya zo, rumbu ya yi ƙasa, sai ya koma ya auno tiyar masarar da ya sayar, da tsada.

Akwai wani kawuna da ke da ɗaki guda a zaurensa, cike da irin waɗannan kaya: injin feshi biyu da ba a taɓa zuba musu ruwa ba, da fanka mai caji, da buhun takalman da ba su yi wa kowa daidai ba. Na taɓa ce masa, "Kawu, me za a yi da injin feshi na biyu?" Ya ce, "Ɗana, ai a wannan farashin barinsa asara ne." Wannan amsa ita ce tushen matsalar. Mai saye yana lissafa abin da aka rage masa, ya manta da abin da ya fita daga aljihunsa. Kayan da ba a yi amfani da su ba, ko nawa aka saye su, kuɗin gaba ɗaya sun tafi.

Wani zai ce ai iyayenmu mata ma sun jera kwanoni da tasoshi a ɗaki ba su ci abinci a ciki ba. Gaskiya ne, amma jeren nan ajiya ce. Ranar da lalura ta taso, uwargida kan ciro tasa ta sayar, ta biya bukata. Robar da aka saya a gefen titi kuwa, wa zai karɓe ta ko da rabin kuɗinta?

Ba mu kaɗai wannan jaraba ta kama ba. A Amurka suna da Juma'ar ƙarshen Nuwamba da kantuna ke zabtare farashi, mutane su yi ta turereniya, kuma kamfanoni irin su Jumia sun kawo al'adar Nijeriya ta wayar salula. Bambancin shi ne, ma'aikaci yana jiran albashin wata mai zuwa, manomi kuwa sai wata kakar. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin sufuri da na huɗa suka tashi, taki kuma ya yi tsada, kowace naira da ta salwanta a kaka gibi ce a gonar baɗi.

Mafi muni ita ce arahar da ke bin mutum har gona. Tun da tsutsar nan mai cin masara ta shigo ƙasar nan a 2016, maganin feshi ya zama dole. Wanda ya sayi jabu don sauƙin kuɗi ya yi asara biyu, ta kuɗi da ta amfanin gona. Shi ya sa magabata suka ce sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Ba ina cewa a ƙi neman sauƙi ba. Talaka bai da abin da ya fi taya kaya da kyau. Shawarata ita ce a sauya ma'auni. Kafin a miƙa kuɗi, a tambayi kai: tiya nawa ta masara wannan abu zai ci, kuma wace rana zan yi amfani da shi? A ware kuɗin taki da iri da na makarantar yara tun ranar da aka sayar da buhun farko. Ɗalibanmu da ke karanta wannan shafi su taya iyayensu wannan lissafi, domin lasifikar mai talla za ta dawo baɗi, kuma rumbu ne zai biya.