Wayar Inna Mai Tocila

A gidan hayarmu da ke Aboabo, nan Kumasi, mu shida muka haɗa kuɗi muka sa waifai. Na'urar tana rataye a zaure, kowa na biyan kasonsa ƙarshen wata. Bayan isha'i sai ka ga an yi mata zobe, wannan na magana da Sakkwato, wancan da Maraɗi, har sai in an ɗauke wuta kowa ya watse.

Ba na raina wannan ni'ima. Mu da muka ga zamanin da ake ɗaukar murya a kaset a ba direban motar goro ya kai gida, mun san abin da muka samu tun da WhatsApp ya fara kiran murya a 2015. Muryar ta intanet take bi, ba ruwanta da iyakar ƙasa, sai ka yi awa guda kana hira ba a cire maka ko sidi ɗaya ba.

To amma irin wannan kira sai da babbar waya da intanet a kowane ɓangare. Inna kuwa, can Ƙaura Namoda, ƙaramar waya gare ta mai tocila, ta ce ita shafe-shafen gilashi ba da ita ba. Dole sai ta wayar ƙanena. Shi zai riƙe, ya buɗe murya kowa na ji, matarsa na gefe, yara na leƙe. Ga Najeriya tana gaban Ghana da awa ɗaya, kafin in samu wuri a zaure barci ya fara ɗibarta. Duk abin da na tambaya, amsar ɗaya ce: “Lafiya lau, Allah ya yi albarka.”

Yaya za ta ce kuɗin maganinta bai cika ba, alhali wanda na aiko ta hannunsa shi ke riƙe da wayar? Ni ma ina zan yi irin wannan tambaya a zaure, mutum biyar na saurare?

Shi ya sa duk Juma'a, in an sauko daga masallaci, nake sayen kati in kira lambarta ita kanta. Da tsada, minti uku ko huɗu ne kawai. Nakan ji ƙarar ƙofar ɗakinta ta rufe, sannan ta rage murya ta ce, “Yauwa, ɗan nan, dama akwai maganar da nake son yi maka.”